Karkatattun Layuka a Rumbun Sukari

Ranar da abin ya fashe, tun kafin a gama gaisuwar safe kowa a cibiyar binciken ya riga ya yanke hukunci. Wata cibiya ta ƙetare, wadda ke ajiye kwafin duk abin da aka zuba a rumbun bayanansu na kwamfuta, ita ta bugo waya tana tambayar abin da ya sa bayanan wata mai bincikensu, Dakta, da ke hannunta suka saɓa da na gida. Aka duba, aka tarar gaskiya ne. Wani ya shiga rumbun ya jirkita aikin da baiwar Allahn nan ta ƙarar da ƙuruciyarta a kansa, kuma da mabuɗin sirrin Mai Rumbu, mai kula da rumbun, aka shiga.

Aikin cibiyar a kan sukari yake, amma ba na shayi ba. A jikin ɗan Adam akwai wasu irin sukari da ke kama juna su yi sarƙa mai rassa, kuma yadda sarƙar ta ƙullu shi ke nuna aikinta. Dakta ta bi na ruwan nono ne. Shekara da shekaru tana zagaya asibitocin haihuwa da akwatin ƙanƙara, tana roƙon masu jego ɗan ɗigon nono, har ta gano wasu sarƙoƙi da ke hana cutar gudawa manne wa hanjin jariri. Ta zana su ta zuba a rumbu, rumbu ya ba kowacce lamba da ranar ajiya, wato shaidar cewa ita ta fara ganowa, aka kulle su sai ranar da za ta wallafa. Ba ta kai ga wallafawar ba ɓarin jikinta ya shanye. Yanzu tana kwance a gida, hannun dama ba ya ɗaguwa, magana ma sai da ƙyar. Mai kwance aka yi wa wannan ta'asa.

Shi kuwa Mai Rumbu, shi ya gina rumbun tun daga tushe, har masu bincike na ƙasashe da dama suka amince suna ajiya a cikinsa. Amma da rana ta ɓaci, waɗanda jiya suke yi masa kirari su suka fara tuna cewa dama shirunsa ya yi yawa. Aka dakatar da shi, aka naɗa kwamitin da zai zauna ƙarshen mako. Abin da ke jiransa kora ce da miƙawa ga 'yan sanda, kuma a wannan sana'a wanda aka kama da taɓa bayanai ya gama yawo, ko gadin ƙofa ba wanda zai sake ba shi.

Ƙungiyar cibiyoyin da ke tarayya a rumbun ba ta yarda a yi shari'ar a cikin gida kawai ba, sai ta turo Mai Sawu. Mace ce gajeriya mai faɗa, ga tabarau rataye a wuya da igiya. Aikinta bin diddigin wanda ya shiga kwamfuta, ta ina ya bi, me ya taɓa. A wannan cibiyar ta yi karatu a ƙarƙashin Farfesa, babban malamin wurin, kafin ta gaji da wankin kwalaben gwaji ta koma harkar na'ura. Don haka ta san ginin, ta kuma san halin mutanen cikinsa.

A bakin ƙofa wata matashiya cikin kayan nas ta tare ta. Auta ce, 'yar Farfesa ta ƙarshe, kuma matar Mai Rumbu. Mai Sawu ta san ta tun tana 'yar mitsitsiya, lokacin da take biyo mahaifinta ofis tana goge masa allo. Auta ta ce mijinta ya daina cin abinci, tambayar duniya ta yi masa ya ƙi buɗe baki, kuma Baba ya ce ta yi haƙuri, shi yana cikin kwamiti, zai nema masa sassauci.

"Ni ba sassauci nake so ba, Anti," in ji ta. "Mijina bai yi ba. Ki nemo wanda ya yi, ko wane ne."

Mai Sawu ta ce in ta ga mijin nata ne fa? Auta ta ce ko shi ne a gaya mata.

*

Darakta ya karɓe ta da lemo da doguwar magana. Shi masanin tsirrai ne da aka kawo ya riƙe wurin, sarƙar sukari ba ta dame shi ba kamar yadda sunan cibiya ya dame shi. Ya nuna mata cewa abin a fili yake: mabuɗin mutum, kwamfutar mutum, ofishin mutum, da rana tsaka. Abin da yake roƙo kawai ta sa hannu a rufe maganar kafin ta kai kunnen 'yan jarida. Mai Sawu ta tambaye shi ko an bincika abin da Mai Rumbu zai ƙaru da shi in ya lalata rumbun da ya gina da hannunsa. Darakta ya ce zuciyar mutum sai Allah. Ta ajiye lemon ba ta sha ba. Ba abin da ke ƙona mata rai kamar a ɗauko sunan Allah a toshe ƙofar tambaya da shi.

Ta samu Mai Rumbu a ɗakin jira, don an hana shi shiga ofishinsa. Dogo ne siriri, ya ƙara zubewa, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Ya miƙe ya gaishe ta da ladabi. Ta tambaye shi ko shi ya jirkita bayanan, ya ce a'a. Ta tambaye shi ko ya taɓa ba wani mabuɗinsa, ya ce bai taɓa furta wa kowa shi ba. Ta ce to aljanu ne suka zauna a kujerarsa? Ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, mabuɗina ne, amanata ce," in ji shi a hankali. "Duk abin da aka yanke na karɓa."

Ta dube shi ta ji kamar ta kai masa ranƙwashi. Ta sha ganin masu laifi, kuma mai laifi surutu gare shi, yana kawo dalilin da ba a tambaye shi ba. Wannan kuwa ya zauna ne kamar wanda ya danne wani abu da ƙafa, yana tsoron in ya motsa a gani. Ta ce masa karɓar hukuncin abin da mutum bai yi ba ba tsoron Allah ba ne, taimakon ɓarawo ne. 

*

Kafin azahar mutum uku sun ja ta gefe, kowa da raɗarsa, kuma duk wuri ɗaya suka nuna mata: Injiniya, mataimakin Mai Rumbu. Wai sun yi cacar baki kwanakin baya har an ji daga matattakala, wai ya daɗe yana hangen kujerar, kuma ga shi yanzu shi ke zaune a kai. Mai Sawu ta ga hanyar ta yi kama da hanya, ta bi.

Ta same shi a ɗakin na'urori, inda sanyi ke ratsa ƙashi, yana ɗaure wayoyi. Ƙato ne mai ƙaramar murya, kuma tun kafin ta zauna ya fara kumfar baki. Ya ce ya san abin da ake faɗa a kansa. Cacar baki kam sun yi, ba ya musu. Amma a ranakun da aka taɓa bayanan yana wata ƙasa yana koya wa mutane amfani da rumbun, ga hotuna, ga mutum ɗari da suka gan shi. Ta duba, haka ne. Sai ta tambaye shi a kan me suka yi faɗan.

Nan ya dubi ƙofa. Ya ce a kan kujera ne, amma ba yadda mutane suke zato ba. Mai Rumbu yana da wata ɗabi'a da ke ba shi haushi: in babba ya shigo ofis, zumbur yake miƙewa ya bar masa kujera, kwamfuta a buɗe, shi ya fita ya nemo ruwa ko shayi. Ya sha gaya masa wannan ladabin zai ja musu bala'i. Ta tambayi waɗanne manya. Ya ce ai manya suna da yawa, Darakta na shiga, Farfesa na shiga, baƙi ma ana kawowa, shi ba zai kama sunan kowa ba, yana da iyali.

Ta yi tsaki. Kowa a ginin nan yana da iyali, kamar mai kwance da wanda za a kora ba su da nasu.

Kafin ta fita ya nuna mata wani abu da ya ce ba wanda ya kula da shi. Ƙa'idar rumbun ita ce sarƙa ɗaya lamba ɗaya. In ka kawo zanen da wani ya riga ya ajiye, ko da nasa a kulle yake, rumbun ba zai ba ka sabuwar lamba ba, sai ya ce an riga ka. To, kwanaki kaɗan kafin a jirkita bayanan, daga kwamfutar Mai Rumbu an yi ta ƙoƙarin ajiye wasu sarƙoƙi, rumbu yana ta cewa an riga ka. Sarƙoƙin Dakta ne, sak.

Mai Sawu ta tsaya da hannu a kan ƙofa. Ashe ba ɓarna ba ce, sata ce. Wani ya so ya ajiye aikin Dakta da sunansa, rumbu ya ƙi, sai ya koma ya gurɓata nata don gurbin ya zama fanko, in ƙura ta lafa ya zo da na gaskiyar ya ce shi ya gano. Kuma ko wane ne bai san ana kai kwafi ƙetare ba. Mai Rumbu da Injiniya su suka haɗa wannan tsarin da hannunsu, ba za su yi wannan wautar ba.

*

Washegari ta je gaida Dakta. Ƙanwarta ce ke jinyarta, ta shigar da ita wani ɗaki mai warin man zafi. Dakta tana jingine da matasai, bakin ya ɗan karkace, amma idanun nan suna nan yadda Mai Sawu ta san su tun suna ɗalibai. Ba a gaya mata abin da ya faru ba, Mai Sawu ma ba ta gaya mata ba. Ta dai tambayi ƙanwar wa ke zuwa dubiya daga wurin aiki.

Ƙanwar ta ce wani ɗan kamfanin madarar jarirai ya zo sau biyu da kwandon 'ya'yan itace, yana ta tambayar binciken, ita ta kore shi. Mai Sawu ta kama wannan, ta ɓata yini guda a kansa, daga ƙarshe ta gano mutumin ko harabar cibiyar bai taɓa takawa ba, mai gadi bai ma san fuskarsa ba. Sai kuma Farfesa, in ji ƙanwar, Allah ya saka masa da alheri, shi ne ba ya fashi. Yakan zauna ya daɗe, har ya taimaka ya kwashe takardunta na aiki ya kai ofis don kada yara su ɓata.

Da Mai Sawu ta tashi tafiya, Dakta ta kama gefen mayafinta da hannun hagu. Ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin maganar ta fito.

"Aikina... yana nan?"

"Yana nan, 'yar'uwa," in ji Mai Sawu. "Da sunanki."

A mota ta zauna ta kasa tayar da injin. Zargi ya riga ya shige ta, kuma ba ta son inda ya nufa. Mutumin nan shi ya koya mata riƙe bututun gwaji. Amma kai dubiya ba laifi ba ne, zama a kujerar suruki ma ba laifi ba ne. In ta shiga gaban kwamiti da wannan kaɗai, dariya za a yi mata, a kori Mai Rumbu, ita kuma a ce ta zo rama tsohuwar gaba.

*

Duk wanda ya binciki bayanan, har da ita, rubutu da lambobi ya duba, don su na'ura ke kwatantawa. Ba wanda ya buɗe zanen kansa. Ana gobe kwamiti zai zauna, ta sa Injiniya ya buga mata zanukan a takarda, na asali da aka karɓo daga ƙetare da na jabun, ta shimfiɗa su a tebur.

Yadda ake zanen ba wuya. Kowane irin sukari da siffarsa da launinsa, wannan akwati shuɗi, wancan ƙwallo rawaya, sai a haɗa su da layi. A kan layin ake rubuta lamba, uku ko huɗu ko shida, don a nuna ta wane hannu wannan ya kama wancan. Na Dakta duk layukan a miƙe suke, don akwai maɓallin da ake latsawa ya daidaita zane, kowa da shi yake aiki. Na jabun kuwa layukan a karkace suke, wannan ya hau sama, wancan ya gangara. Da farko ta ɗauka gaggawa ce ta ɓarawo. Ta sa tabarau ta sake dubawa, sai ta ga duk inda aka rubuta shida layin sama ya hau, duk inda aka rubuta uku ƙasa ya gangara. Ko sau ɗaya ba a kuskure ba.

Sai ta ji zafi a bayan hannunta, wurin da rula ta sha sauka. A zamanin da ba a buga mujallu da launi, ba a rubuta lamba a kan layi, karkatar layin ce ke faɗin hannun da aka kama. An daina wannan tsarin tun kafin su Injiniya su shiga jami'a. Mutum uku ne kaɗai a garin ta san sun koye shi: ita, da Dakta wadda hannunta ya mutu tun kafin a yi satar, da wanda ya koya musu. Ya zauna yana ƙirƙirar ƙarya, amma hannunsa ya kasa zana ta ba bisa ƙa'ida ba.

Ta tattara takardun tana huci. Injiniya ya tambaye ta lafiya, ta ce ya tabbatar akwai allo da alƙalamin allo a ɗakin taro gobe.

*

Ɗakin taron ya cika. Darakta a kan tebur, Farfesa a damansa cikin babbar riga fara, yana jan carbi, fuskarsa ɗauke da alhini irin na uban da ɗa ya kunyata. Injiniya yana gefe. Mai Rumbu aka ba shi kujera shi kaɗai a tsakiya, kamar wanda za a yi wa aski. Farfesa ya fara magana, ya ce yaron nan ɗansa ne, abin ya fi yi masa ciwo fiye da kowa, amma ilimi amana ne. Yana roƙon kwamiti a tsaya a kora kawai, kada a kai ga 'yan sanda. Aka yi ta gyaɗa kai ana yaba adalcinsa. Mai Sawu ta ciji leɓe har ta ji gishiri.

Da aka ba ta dama, ta ce ita ta daɗe da barin harkar sukari, don haka a yi mata haƙuri ta zana sarƙa ɗaya a allo don ta tabbatar ta fahimci abin da aka jirkita. Ta zana akwati, ta zana ƙwallo, ta ja layi ya gangara ƙasa, ta rubuta shida a kansa. Ta ja wani ya hau sama, ta rubuta uku. Ta juyo ta tambayi Injiniya ko daidai ne, ya ce daidai. Ta tambayi Mai Rumbu, ya ɗaga kai ya duba ya ce ba kuskure. Matasan masu bincike ma suka ce haka ne. Ta ci gaba da bayani a hankali, tana jan magana da gangan, ba ta ko kallon gefen dama.

Carbin ya tsaya. Farfesa ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya kau da kai, ya sake dubawa. Daga ƙarshe ya kasa. Ya miƙe ya fizge alƙalamin daga hannunta, ya goge layukan da gefen hannunsa.

"Har yanzu kanki bai ɗauka ba," in ji shi. "Shida sama take hawa, uku ƙasa take gangara. Sau nawa zan gaya miki?"

Ya ja layukan, tsaf, ko rula ba ta fi shi ba.

"Na gode, Malam," in ji Mai Sawu. "Dama hannunka nake so a gani."

Ta ɗauko takardun jabun ta manna su a allo kusa da zanensa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta jera na Dakta masu miƙaƙƙun layuka a ƙasa. Ta bayyana tsohon tsarin a taƙaice, ta ce duk ɗakin nan an ga layinta a karkace ba daidai ba, ba wanda abin ya dama sai mutum ɗaya. Ta faɗi yadda rumbu ya yi ta cewa an riga ka, da yadda takardun Dakta suka bar gidanta, da kwafin ƙetare wanda duk mai halartar horon rumbun ya san da shi. Farfesa kuwa bai taɓa zuwa horon ba, yana cewa aikin akawu ne. 

Farfesa ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce dubban mutane a duniya sun koyi wannan tsarin. Ta ce haka ne, amma nawa daga cikinsu ake tashi a bar wa kujera a ofishin Mai Rumbu? Injiniya ya ce shi dai ya sha ganin Farfesa a kujerar. Sai kowa ya juya ga Mai Rumbu. Hawaye ne ke sauka a kan gwiwarsa, kuma wannan ya ishi kowa amsa.

Nan Farfesa ya ajiye alhinin, ainihin fuskarsa ta fito. Ya ce to sai me? Wa ya koya wa Dakta abin da ta sani? Duk abin da ke kanta shi ya zuba. Yanzu ta kwanta, ba za ta sake rubuta ko layi ɗaya ba, a bar aikin ya ruɓe a kulle jarirai suna mutuwa? Shi ceto aikin ya yi.

"Da ceto ka yi niyya, da ka wallafa da sunanta," in ji Mai Sawu. "Ba wanda zai hana ka. Ka je ka zauna a bakin gadonta kana yi mata addu'a, ka fito da takardunta a hammata. Wannan ma bar shi. Yaron nan ya tashi ya ba ka kujerarsa don yana ganin girmanka, ya gane kai ne ya rufe baki don kada 'yarka ta ji kunya, kai kuma ka zo ka zauna a kan tebur kana roƙa masa kora. Malam, ban taɓa zaton zan ji kunyar cewa kai ka koyar da ni ba."

Farfesa ya dubi surukinsa kamar zai ce wani abu. Mai Rumbu ya miƙe, don har a lokacin jikinsa bai iya zama ba in surukinsa yana tsaye.

"Baba, ni da na ɗauki laifin," in ji shi. "Wallahi da na ɗauka."

Darakta ya fara lalubar kalmomi, yana cewa a duba shekarun Farfesa, a rufa asiri. Mai Sawu ta ce ɗazu da ake maganar mai ƙaramin muƙami ba ta ji an ambaci rufin asiri ba. Rahotonta ƙungiya zai tafi yau, kuma kafin ta bar ginin tana so ta ga an maido da bayanan Dakta da sunanta, an maida wa Mai Rumbu mabuɗinsa. Aka yi hakan tana tsaye. Da ya zauna a kujerarsa ta ce masa daga yau ko Darakta ne ya shigo, ya kulle kwamfuta kafin ya nuna tarbiyyarsa.

Ya kama hannun kujerar, bai yi murna ba. Ya tambaye ta abin da zai je ya gaya wa matarsa. Ta ce ya bar mata wannan, ita aka aika.

*

Auta tana zaune a benci a ƙarƙashin matattakala, ta taso daga aiki ko kaya ba ta canza ba. Da ta hango Mai Sawu ta miƙe.

"An wanke mijinki," in ji Mai Sawu.

Auta ta rufe ido ta yi hamdala, ta daɗe a haka. Sannan ta buɗe ta tambayi wane ne. Mai Sawu, wadda ɗazu ta tsaya gaban ɗaki guda ba ta ji ɗar ba, sai ta ji bakinta ya yi nauyi. Ta zaro takarda ɗaya daga cikin na jabun ta miƙa mata.

Auta ba ta san sukari ba, ba ta san abin da shida ko uku ke nufi ba. Amma ta yi shekaru tana tsaye a kan kujera da tsumma tana goge irin waɗannan layukan. Ta bi ɗaya da yatsa har ƙarshensa, ta bi na biyu, sai yatsan ya tsaya. Ta koma ta zauna a bencin.

"Jiya a gidanmu ya ci abinci," in ji ta. "Ya dafa kan mijina ya ce ya yi tawakkali."

Mai Sawu ta zauna kusa da ita. Can sai ga takun sauka daga bene, Farfesa ne, shi kaɗai, ba mai riƙe masa jaka. Ya ga 'yarsa, ya ga takardar a hannunta, ya tsaya. Ya kira sunan da yake kiranta da shi tun tana goye. Auta ta miƙe ta rusuna masa yadda ta saba, ta ninke takardar ta sa a hannunsa, sannan ta ratsa ta gefensa ta hau bene wurin mijinta.